Zuwa ga Kofur, Badakkaren da ya kulle ƙafarsa da feda

Kofur, Badakkarena, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Kada ka tashi, yi zamanka. Na san takalman da ke ƙafarka ba sa barin mutum ya miƙe da sauri.

Labarinka ya gama zaga Bukkuyum tun kafin a kwashe tukwanen biki. An ce wani baƙo daga Zuru ya zo da keke, amma keken ne ya hau mota. An ɗaure shi a rufi, mai shi yana ciki, tun daga Daki Takwas yake leƙowa ta taga yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Mu nan mun saba mutum ya hau keke ya ɗora buhu, ba mu taɓa ganin keken da ake biya wa kuɗin mota ba. Wannan an yafe maka. Wanda ba a yafe ba shi ne na ƙofar zaure. Dattawa na zaune bisa tabarmi, ka taho a guje cikin wandon roba mai kama jiki da hular kwano mai tagogi, ka matse birki daidai gabansu. Keke ya tsaya cak, ƙafa ta ƙi sauka. Ka fizgi dama, ta ƙi. Ka fizgi hagu, ta ƙi. Sai ga tsohon soja guda, wanda ya ishe mu da labarin Laberiya, yana kishingiɗa sannu a hankali shi da kekensa har ƙasa ta karɓe su tare. Wani dattijo ya ce shi dai bai taɓa ganin masu ladabi irin Dakarkari ba, mutanen da ke gaisuwa a kwance.

Tunda haƙƙin ubangida ne ya ilmantar da nasa, bari in gaya maka abin da mai shagon Abuja da ya sayar maka da kayan bai gaya maka ba sa'ad da yake ƙirga kuɗin fanshonka.

Ɗaure ƙafa da feda ba jiya aka fara ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan tseren Turai suke yi. A lokacin ɗan keji ne na ƙarfe a gaban feda, ka zura yatsu ciki, ka ja igiyar fata ta matse takalmin. In za ka tsaya sai ka sunkuya ka sassauta igiyar da hannu, in ka manta ka sha ƙasa. A 1971 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da wata feda mai kama tafin takalmi ba tare da igiya ba, amma ita ma sai an kai hannu an zare ta, don haka ba ta yi kasuwa ba. Wadda ke ƙafarka jikar fedar kamfanin Look ce, na garin Nevers a Faransa, wadda ta fito a 1984. Asalin sana'ar wannan kamfani ƙera maɗaurin takalmin masu sulu a kan ƙanƙara, irin wanda ke riƙe ƙafa gam amma ya sake ta in mutum ya faɗi. Wannan dabarar suka ɗauko suka ɗora a keke. Da Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France na 1985 da ita, cinsa na biyar ke nan, sai sauran 'yan tsere suka bi sahu. To ka ji, Kofur. Kayan mutanen ƙanƙara ka kwaso ka kawo mana Bukkuyum, garin da a watan Afrilu ko ruwan randa sai an yi masa fifita.

Kuma abin ba tsafi ba ne. A tafin takalmin akwai ɗan faifai da aka ɗaure da noti, a jikin fedar akwai baki mai sifirin. Ka taka, ya ce ƙas, ya kama. In kana son fita, ba sama ake ja ba, diddige ake murɗawa waje. Da ƙarfi ka yi ta fizga sama, shi ya sa ta ƙara riƙe ka. A bayan fedar akwai ɗan noti na sassauta kamun, mai koyo yakan kwance shi har ƙarshe, ya jingina da bango ya yi ta shiga da fita har ƙafar ta haddace, sannan ya saba cire ƙafa tun kafin ya isa inda zai tsaya. Kai kuwa da ka ga an rubuta bayani a takarda sai ka ce soja ba ya karatun umarni, ba shi ake yi da baki.

Ba zan zalunci takalmin ba don mai shi ya ba ni dariya. A inda aka yi shi domin wurin, ba shi da na biyu. Ɗan tseren Tour de France yana cin kusan kilomita 3,500 cikin mako uku, a zango 21. Ƙafarsa tana juya feda sau 80 zuwa 100 a minti, awa huɗu ko biyar ba sauka. In an zo ƙarshen zango, masu gudun ƙarshe suna haura kilomita 60 a awa, a tsaye bisa feda, suna jifa da keken dama da hagu. Wanda ƙafarsa ta zame a wannan hali, shi da na bayansa sai asibiti. Tafin takalmin kuma an yi shi da tauri, ba ya lanƙwasa, don kada ƙarfin cinya ya ɓace a hanya kafin ya isa sarƙa. Da irinsa Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar riga, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba. Amma ka lura da rayuwar waɗannan mutane a kan keke. An rufe musu hanya, kwalta ce sumul, ba akuya, ba tsohuwa mai tallar fura. Ruwa ma miƙo musu ake yi suna tafe. Ba wanda suke tsayawa su tambaya ya kwanan iyali. Ko a wajensu, amfanin kullen ya fi fitowa a fizgar gudu da hawan tudu a tsaye. A tafiyar yau da kullum, mai feda shimfiɗaɗɗiya da takalmin kirki ba ya rasa wani abin a zo a gani.

Yanzu ka ɗauko wannan ka aza a hanyarmu. Daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa, mutumin kirki a Bukkuyum zai sauke ƙafa ya fi a ƙirga. Ga liman yana dawowa daga masallaci, ba a wuce shi a kan sirdi. Ga surukin yayanka a gindin bedi. Ga amalanken shanu ya cika lungu, ga garken tumaki, ga yaro ya ɓullo da gudu yana kora gare-gare. Ka fita gari kuma sai yashi ya karɓe ka. Tayar kekenka ba ta fi kaurin babban yatsa ba, milimita 25 ko 28, tana shiga rairayi take nutsewa, kan keken ya karkace, kuma a wannan ƙiftawar ido ce ake bukatar ƙafa a ƙasa. Ban ma yi zancen tsidau ba, wanda ke jiran irin wannan siririyar taya tun daga bakin gona. In damina ta sauka, tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, akwai inda keke ke ɗaukarka, akwai inda kai za ka saɓa shi a kafaɗa ka ratsa laka, ko ka cusa shi cikin kwalekwale. A hanyoyinmu rabin hawan keke sauka ne.

Na daɗe ina tunanin abin da ya ja hankalinka ga wannan feda, sai daga baya na gano. Gado ne. Ku da saurayi ke shiga golmo, ya yi shekara da shekaru yana noma gonar suruki ba halin ya zare jiki sai wa'adi ya cika, dole abin da ke kama ƙafa ya hana ta fita ya yi muku daɗi. Bambancin kawai, mai golmo in ya gama ana ba shi mata. Kai gwiwa ka kurje.

Sai kuma tafiyar ƙasa. Faifan takalmin tseren kwalta na roba ne mai faɗi, noti uku ke riƙe shi, kuma a waje yake, ya turo ƙasan tafin. Shi ya sa da ka miƙe daga gaisuwar kwancen aka ga yatsunka sun kalli sama, diddige na ƙasa, kana ƙwas ƙwas kana neman bango. A kan siminti yana santsi, a kan tsakuwa yana cinyewa, in ya cinye kuma ya daina kamawa yadda ya kamata. Yashi da laka in sun cika shi, ko dai ya ƙi shiga fedar ko ya shiga ya ƙi fita. Launin faifan ma magana ce. A na Shimano, rawaya yana barin diddige ya ɗan yi wasa digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa ba ya motsi ko kaɗan. Mai gwiwar da ta sha fareti shekara da shekaru rawaya ya kamace shi, don ƙafar da aka kafe a karkace gwiwa ce ke biyan bashinta. An ce naka ja ne, wai don ya dace da hular.

Da ka tambayi ubangidanka kafin ka zare kuɗi, da na nuna maka cewa ko cikin masu kullen akwai wadda ta fi kusa da hankali. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da wadda ake kira SPD, domin masu hawan daji da duwatsu. Faifanta ɗan ƙarami ne na ƙarfe, noti biyu, kuma a cikin rami yake a tafin takalmin, don haka mutum na iya sauka ya taka ƙasa kamar kowa, ya tura keke a tudu, ya shiga kasuwa ba a bi shi da kallo ba. Yawancin fedarta baki biyu gare ta, ko ta wane gefe ka taka ta kama, kuma an bar mata ƙofofi don laka ta fice. Akwai ma mai fuska biyu, gefe ɗaya kulle, gefe ɗaya shimfiɗe, ranar motsa jiki ka sa takalminta, ranar zuwa cefane ka sa wanda ka ga dama. Ga mutumin da aka haifa a gindin duwatsun Zuru, wannan ce ta dace da garinsu. Kuma kada ka ɗauka duk gwani sai ya kulle ƙafa. Sam Hill ɗan Ostareliya ya zama zakaran duniya a tseren gangarowa daga kan dutse a 2006 da 2007 da 2010, a kan feda shimfiɗaɗɗiya mai 'yan haƙoran ƙarfe, da takalmi mai tafin danƙo da haƙoran ke nutsewa ciki. In kwana ta yi tsanani sai ya sauke ƙafa ɗaya ya share ƙasa da ita ya wuce, abin da kai ka so yi a ƙofar zaure.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce Bazamfare da ke tuƙa keke da silifa ɗan soso, wani sa'in ma ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi, shi ne zai koya wa wani zaɓen takalmi? To ban kare silifa ba. Ranar da aka yi ruwa, silifa da fedar roba ba sa ga maciji, kana dannawa ƙafa ta sulluɓe, fedar ta zagayo ta sari ƙwauri. Hancinta yakan tsinke a tsakiyar tudu. Yatsu a waje suke, kututture da dutse na jiransu, kuma yaran da ake goyo a kariya da yawa sun bar fatar diddige a cikin waya. Tafinta laushi gare shi, yana naɗewa a kan feda, shi ya sa mai doguwar tafiya da ita yake isa da tafin ƙafa yana zogi. Akwai kuma abin da ya fi silifar muni, wanda kowa ya sani a ƙauyukanmu: fedar da robobinta suka zube tun tuni, saura sandar ƙarfen tsakiya kaɗai, ta sha taki har tana ƙyalli. Mai ita sai ya naɗe ta da tsohon tub, ko ya sa kafinta ya fafe masa guntun katako ya zura. Haka zai ɗora buhun gero ya taka wannan sanda da tsakiyar tafin ƙafa daga Nasarawar Burkullu har gida. Jarumtaka ce, amma ba dabara ba ce, sabuwar feda ba ta kai kuɗin maganin ƙafar ba.

Duk da haka, tsofaffin kekunanmu sun san aikinsu. Raleigh na Nottingham da kakanninmu suka yi tashe da shi, da Phoenix na Shanghai, da Hero na Indiya, duk da feda iri ɗaya suke zuwa: faffaɗa, mai tubalan roba biyu, ta karɓi kowace irin ƙafa, da takalmi ko babu. Ga murfin sarƙa don kada ta cinye bakin wando ko gefen riga, ga taya mai kauri, ga kariyar da ke ɗaukar jarkoki. Wanda ya tsara su ya san mahayinsu zai sauka sau da yawa, kuma ba zai canza tufafi don zai hau keke ba. Mai zuwa gona ko kasuwa, abin da yake bukata feda mai faɗi ce da takalmin da ya rufe yatsu ya kama diddige, ko da na robar nan ne da Fulani ke sawa, wanda ruwa bai dame shi ba. Ɗan makaranta, kambas ya ishe shi, a dai cusa igiyar ciki kada sarƙa ta kama. Mai doguwar tafiya a hanyar burji ya nemi ta ƙarfe mai haƙora, da takalmi mai ɗan taurin tafi, ya riƙa taka fedar da faffaɗan wurin da ke bayan yatsu, ba da diddige ba. Amma mai haƙora ba ta shiri da ƙafa tsirara, kuma in ta sari ƙwauri sai ta bar shaida. Ita kuwa feda kowace iri ce, in ta fara ƙara ko girgiɗi, boris ne ke neman giris, a kai ta wurin mai gyara kafin ta ci kanta.

Zancen mai gyara ya tuna mini. An ce bayan faɗuwar ka tura keken wurin mai faci a bakin kasuwa, ka ce a cire maka fedar a sa irin tamu, sannan ka karɓe sifana daga hannunsa wai kai za ka nuna masa. Ta dama ta kwance lafiya. Ta hagu ka yi ta murɗawa tana ƙara ɗaurewa, har ka hau kan sifanar da ƙafa. Kofur, zaren fedar hagu a juye yake. Da gangan aka yi shi haka, don kada juyin tuƙi ya riƙa kwance ta a hanya. Ta dama tana kwancewa yadda kowane noti ke kwancewa, ta hagu kuwa sai an bi da ita ta ɗaya gefen. Sifana mai lamba 15 ce aikinta, kuma a jikin kowace an buga harafin da ke nuna ɓangarenta. Yaron mai facin da bai gama firamare ba ya san wannan. Mutum ya yi rabin rayuwarsa ana yi masa tsawar hagu dama a filin fareti, ya zo ya rasa hagunsa a gaban yara.

Bari in ajiye wasa kaɗan. Keke a wannan yanki ba abin nishaɗi ba ne. A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga, mutane da yawa sun koma sun kakkaɓe kekunan da suka jingine. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu suka ƙara bin sahu. Kuma kai soja ne, ka fi ni sanin cewa akwai hanyoyi a Anka da Gummi da Bukkuyum, har da naku na Danko-Wasagu, da mutum ke bi yana kasa kunne. A irin wannan hanya, wanda ya ji abin da bai gamsu da shi ba yana bukatar ya yar da keke ya shige dawa a cikin numfashi ɗaya, da takalmin da zai iya gudu da shi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya maido mana da lokacin da za ka taho daga Zuru a kan sirdi, ba a cikin mota ba.

To, mu koma kanka. Kada faɗuwar ta hana ka barci, manya sun riga ka. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a 2001 ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har ya riƙa zuwa aiki a kai a Abuja, sai wata bas ta tura shi cikin lambatu. Amma shi bas ce ta ture shi. Kai ba wanda ya taɓa ka, iska ma ba ta kaɗa ba. In kuma gasar kake nufi da gaske, ka tuna Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na Paris a 2024. Da aka zo tseren cikin fili ba ta da keken da ya dace, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. Ita ga ƙafa ba keke, kai ga keke da takalmin da mai tsadarsa ya fi kuɗin sabon Phoenix, ƙafar ce ba a gani ba. Da ana adalci da an haɗa ku an raba kayan.

Ga hukuncin ubangida. Keken ka bar shi, na ga yana da kyau, kuma kwaltar Gummi zuwa Anka za ta karɓe shi ranar da hanya ta yi lafiya. A can ka sa takalminka ka kulle ƙafarka yadda kake so, bayan ka yi mako kana koyon murɗa diddige a jikin bangon gidanka, inda ba mai gani sai iyalinka, su kuwa sun riga sun san ko wane ne kai. In za ka shigo Bukkuyum, ka sa feda shimfiɗaɗɗiya da kambas. Watan Cika-ciki kuma na tafe, kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba. Bana ninki biyu ne, da ladan wannan karatu, da kuɗin sifanar mai faci da ka lanƙwasa. Ka aiko da su ta hannun direban da ya ɗauko keken, shi na fi yarda da shi.